Kifi Mai Ƙaho a Gurar Baba

Balkisa, da ke nake, da ƙannenki, da 'ya'yan yayana Sani. Wanda ya iya karatu cikinku ya karanta wa sauran. Rubutun ba shi da kyau, na sani. Ubanku aji biyar ya tsaya a lakwal, wato makarantar boko, kuma cikin shekara biyar ɗin nan abin da ya ƙware a kai shi ne kwaikwayon tafiyar malamin aji. Ku dai yi haƙuri ku bi ni a hankali. Kun sha jin ana kiran kakanku Sha'aibu Mai Ƙaho a bakin tabki, kun kuma ji ana cewa ya taɓa yin ƙarya a kan kifi har ya rantse. Bai yi ƙarya ba. Ni na yi, shi ya ɗauka.

Kafin shekarar da abin ya faru, Baba shi ne mutumin da ake kira in magana ta ƙi ƙarewa tsakanin masunta. In biyu suka yi jayayya a kan taru, babbar ragar nan ta kamun kifi, ko wani ya ce an ɗaga masa gura, wato ɗan kejin ragar nan da ake kafawa cikin ruwa kifi ya shiga ya kasa fita, Sarkin Ruwa ba ya wahalar da kansa. Sai ya ce a kira Malam Sha'aibu. Baba ya zo ya tsaya, ya ce abu kaza na gani, abu kaza ban gani ba. Shi ke nan, kowa ya kama gabansa. Ba ya rantsuwa. Ko wallahi ɗin nan da muke zubarwa kamar ɓawon gyaɗa, ban taɓa jin ta a bakinsa ba. Inna takan ce ta auri mutumin da ko yabon miya ba ya yi sai ta yi daɗin gaske. Ran da gishiri ya yi yawa, ya ci ya ƙoshi, ya ce, "Hajo, mun gode, amma gishiri ya yi yawa." Ta yi ta faɗa, shi kuwa ya wanke hannu.

To wannan mutumin ne Allah ya ba shi ni. Na ƙi sana'ar su tun ina yaro. Na ce ƙarnin kifi yana korar 'yan mata. Na kama kabu-kabu tsakanin Madarumfa da Ɗan Issa, ina ɗauko mutane, ina ɗauko kaya, har da kwalayen kifin ƙanƙara na teku da nake kawo wa wata mai suya a tasha. Bakina ba ya hutawa. Ba wanda ban sa wa suna ba a garin nan. In na iso majalisa, tun ban kashe babur ba ake fara dariya, ni kuwa a ganina wannan ita ce sarauta.

Da sanyi ya shigo a shekarar, wata ɗaliba ta zo daga jami'a a Maraɗi, sunanta Rakiya. Siririya, da madubin ido, da takalmin roba har gwiwa. Aikinta shi ne ta rubuta duk irin kifin da ke cikin tabkinmu. Kowace safiya tana bakin ruwa da kaye, wato littafin rubutu, da biro da ƙananan kwalabe. In an fito da kifi ta auna shi, ta ɗauki hoto da salula, ta ɗan yanki gefen fiffikensa ta jefa a kwalba. An haɗa ta da Baba don shi ya san ruwan. Tana ce masa Baba, yana ce mata ɗiyata. Ni kuwa na sa mata suna Wanzamiyar Kifi.

Wata rana na tarar da su a ƙarƙashin kuka, ta buɗe wani littafi tana nuna wa masunta hotuna. Baba ya ɗora yatsa a kan wani ɗan kifi mai muni, kai kamar na kwaɗo, leɓe kamar an mare shi, ba ɓawo a jikinsa, ga wasu abubuwa biyu a saman ido kamar ƙahonni.

"Wanga fa, ɗiyata? Shekara arba'in ina ruwa ban gamu da shi ba."

"Ba za ka gamu da shi nan ba, Baba. Buleni sunansa da Faransanci. Yawancin danginsa a teku suke, cikin ramukan duwatsu. Amma akwai kaɗan da ke zaune a ruwan daɗi, a koguna da tabkuna can kewayen Bahar Rum. Kakanninsu 'yan teku ne. Tun zamanin da ba a iya ƙirgawa suka shigo ruwan daɗi, suka zauna, jikinsu ya saba."

"To yaya aka yi aka san danginsu guda?"

"Da wannan ɗan naman da nake yanka. A cikinsa akwai abin da kowane kifi ya gada. In an gwada na wannan da na wancan, sai a ga wa ya fi kusa da wa. Wani lokaci biyu su yi kama kamar tagwaye, a duba a ga nesa suke. Wani kuma yana gishiri, wani yana ruwan daɗi, a duba a ga 'yan ɗaki ɗaya ne."

Baba ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce ikon Allah, kamar mutane ke nan, kakansa ma daga wajen Katsina ya taso, har yau akwai danginmu can da ba mu san fuskarsu ba. Ni ban iya barin magana ta wuce ba ni a ciki.

"Wanzamiya, to in salla ta zo, na teku ke zuwa gaida na tabki, ko na tabki ke zuwa? Wa ke biyan kuɗin mota?"

Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta dube ni ta saman madubi.

"Kai ne Lawali, ɗan Baba? An ce ka san komai."

"Kifin tabkin nan duk da sunan uwarsa na san shi."

Ta sa hannu a bokiti ta ɗauko kifi uku ta jera a kan tabarma. Ta ce in faɗi sunayensu. Tarwaɗa kaɗai na gane, don ita ko makaho ya san ta. Ƙurungu na ce masa ɗan tarwaɗa. Na ukun na ce ai wannan baƙo ne, bai yi rajista ba. Masunta suka yi ta dariya har wani ya kwanta. Wannan karon ba da ni ake dariyar ba, ni ake yi wa. Baba bai yi dariya ba. Ya sunkuyar da kai yana ɗinke ragarsa. Na hau babur na tafi.

Bayan kamar mako biyu, ina sauke wa mai suya kwali a tasha, ta fasa ƙanƙarar tana ware kifi, sai ta tsamo wani ɗan abu ta jefar gefe. Ta ce kullum sai an samu irin waɗannan tarkacen a ciki. Na duba. Kan kwaɗo, leɓe kumburarre, ƙahonni biyu. Tsawonsa bai wuce yatsana na tsakiya ba. Na tsaya ina kallonsa, shaiɗan yana yi mini lissafi a kunne. Akwai wani masunci, Tanko, wanda kowa ya san shi da cika baki, shi ne ya taɓa cewa wani kada a cikin tabki ya gaishe shi. Na ce bari in sa kifin nan a gurar Tanko. Gobe ya fito da shi yana ihu, Wanzamiya ta rikice ta buɗe littattafai, ni kuma in iso in ce ga ɗan teku ya zo gaisuwar salla a kan babur ɗina. A yi dariya, in rama, a tashi. Iyakar abin da na nufa ke nan, Allah ne shaida.

Da la'asar, masunta sun tafi masallaci, na naɗe wando na shiga ruwa wajen ciyawar gabas inda gurori suke jere. Ga inda na yi kuskuren da ɗan masunci na gaske ba zai yi ba. Kowane masunci yana da alamarsa a jikin sandar da ke riƙe gurarsa. Wani ƙulli, wani tsumma, wani tsaga da wuƙa. Yaro ɗan shekara bakwai a gidan masunta ya san ta ubansa. Ni na ga sanda mai tsaga uku kusa da inda Tanko ke ɗaure jirginsa, na ce tasa ce. Na cusa kifin na fito. Shekarata ashirin da biyu a gidan Baba ina cin kifinsa, ban san tsaga uku alamarsa ce ba.

Washegari na makara da gangan don in iso ana tsakiyar abin. Na tarar da taro a ƙarƙashin kuka. Tanko yana can baya yana leƙe kamar kowa. A tsakiya Baba ne tsaye, kifin a tafin hannunsa, Rakiya tana duba shi.

"Baba, ka tabbata? Ba wani ya ba ka ba?"

"Cikin gurata na same shi, ɗiyata, tare da karfasa biyu. Matacce na same shi. Abin da na gani ke nan."

Ta ce abin ba ya yiwuwa. Ta sake cewa ba ya yiwuwa. Sai Sarkin Ruwa ya ce mata, yarinya, in Malam Sha'aibu ya ce cikin gurarsa ya samu, to rubuta kawai. Kowa ya ce haka ne. Da a hannun Tanko ta gan shi, da ta yi murmushi ta wuce. Sunan Baba ne ya sa ta jefa shi a kwalba ta koma gefe ta kira malaminta a salula.

A nan ya kamata in yi magana. Bakina ya buɗe ma. Amma na ga in na faɗa, ba Wanzamiya za a yi wa dariya ba, ni ne, ɗan da bai san sandar ubansa ba. Na ce bari sai an watse. Da aka watse na ce bari sai gida. A gida na tarar da Baba yana ba Inna labari, shi da ba ya labari. Yana cewa ashe tabkin nan namu ma yana da dangi a teku, watakila tun zamanin da gulbi ke da ƙarfi suka biyo ruwa suka zo. Inna ta ce to Allah ya sa su zo da gishirinsu, ta huta da saye. Ya yi dariya har haƙoransa suka fito. Ban taɓa ganinsa haka ba. Na ci tuwo na fita. Kwana goma ina cewa gobe.

Ran na goma sha ɗaya malamin ya zo da mota, wani dattijo mai ƙaramin gemu, ba shi da yawan fara'a. Masunta duk suka taru, har waɗanda ba su shiga ruwa ranar ba. Ya fito da kifin daga kwalba, ya juya shi sau biyu, ya ce ya san irinsa, na bakin teku ne wajen Kwatano. Tun farko Rakiya ba ta yarda ta fasa cikinsa ba don shi kaɗai ne gare ta. Shi kuwa malamin ya sa reza ya tsaga. Ya tono wasu ɓaraguzai ya shimfiɗa a kan farar takarda, ya ce waɗannan ɓawon ƙananan halittun teku ne, abincinsa na ƙarshe ke nan, kuma babu su a ruwan daɗi ko'ina. Kifin nan bai taɓa numfashi a tabkin Madarumfa ba. Ya juya kan Rakiya ya yi mata faɗa da Faransanci, ban ji duka ba amma na ga hawaye a bayan madubi. Sannan ya juyo da Hausa.

"Wa ya ce ya kama shi?"

"Ni na ɗauko shi cikin gurata," in ji Baba.

"Malam, da girmanka. In suna kake so a rubuta a littafi, ba ta haka ake samu ba. Ka ɓata wa yarinya aiki."

Baba ya dubi Sarkin Ruwa, Sarkin Ruwa ya dubi ƙasa. Ya dubi mutanen da ya raba wa gardama shekara da shekaru, kowa ya sami abin kallo a wani wuri. Sai na ji abin da ban taɓa ji ba.

"Wallahi tallahi cikin gurata na same shi."

Wani daga baya ya ce, a'a, yau Malam har da rantsuwa. Ina zaune a kan babur, taku biyar tsakanina da shi. Wani abokina ya taɓa ni ya ce, Lawali, kai ba ka ce komai ba. Duk aka juyo, don an saba in abu ya yi nauyi ni ke sauke shi. Ku ji abin da ubanku ya ce.

"Ku bar tsoho. Kifin ne ya yi ƙarya, ya ce masa shi ɗan Madarumfa ne."

Aka fashe da dariya. Tanko ya fi kowa, shi ne ma ya fara cewa Mai Ƙaho. Baba ya dube ni sau ɗaya, ya ɗauki ragarsa ya tafi gida a ƙasa. Na samu dariyar da nake nema.

Rakiya ta tattara kwalabenta bayan kwana biyu. Ni na kai ta tasha, don ba wani babur a kusa. Da ta sauka ta juyo gare ni. Ta ce in gaida Baba, in ce masa ita ba ta ce ya yi ƙarya ba, ita dai ba ta gane ba ne. Daga baya na ji an mayar da ita wani tabki ta sake aikin daga farko, shekara guda ta tafi mata a banza. Ban san inda take ba yanzu. In Allah ya sa wani cikinku ya yi karatu mai nisa ya gamu da wata malamar kifi mai suna Rakiya, ya ba ta wannan ta karanta.

Ba wanda ya kori Baba daga komai. Kawai dai an daina kiransa. Aka yi rikicin taru a watan da ya biyo, Sarkin Ruwa ya kira wani. Baba yana zaune a wurin, ba a ko dube shi ba. Shi kuma ya kwashe gurorinsa duka daga wuraren da ya san akwai kifi, ya jera su a ciyawar gabas. Wurin ba ya ba da komai in ruwa ya ja baya. Inna ta yi magana har ta gaji.

"Malam, tukunya ba ta san ƙaho ba. Ka koma inda kifi yake."

"Inda ɗaya ya fito akwai na biyu, Hajo. In na kamo shi da rai, sai su faɗa mini wa ya yi ƙarya."

Shekara biyu yana wannan. Kowace safiya ya ɗaga gura ya duba ƙananan kifi ɗaya-ɗaya, yana shafa saman idonsu da yatsa. Ni ina wucewa a kan babur ina ganinsa. Na ƙara yawan wasa a lokacin, har mutane na cewa Lawali ya ƙara gishiri.

Abin da ya sa na faɗa masa, ba jarumtaka ba ce. An sa ranar aurena da uwarki, Balkisa, kuma ubanta masunci ne mai tsanani. Na ga Baba ya dawo daga ruwa da tari, ƙafafunsa sun tsattsage, zai kuma koma da yamma. Na bi shi bakin tabki. Yana zaune a gefen jirgi yana gyara sanda. Na tsuguna na faɗa masa duka, da mai suya, da kwali, da Tanko, da tsaga uku. Ban saka wasa ko ɗaya ba. Ya ajiye wuƙar da yake gyaran sandar da ita.

"Ashe babu na biyu," ya ce.

"Babu, Baba."

Ya dubi ciyawar gabas. Ina jin wannan ya fi masa ciwo a kan sauran.

"Gobe zan tara su in faɗa," na ce. "A gaban Sarkin Ruwa."

"Ba za ka faɗa ba."

"Baba, sunanka fa."

"Surukinka zai ba da ɗiyarsa ga wanda ya tsaya yana kallo ubansa na rantsuwa? Ni sunana ya gama aikinsa, Lawali. Naka bai fara ba. Muddin ina da rai ka riƙe bakinka. Sau ɗaya dai a rayuwarka, riƙe shi."

Na riƙe. Wannan ma ina ƙirga shi cikin laifina, don na ji daɗin da ya hana ni. Aka yi aure, aka haife ki. Ya mayar da gurorinsa inda kifi yake, bai sake tayar da maganar ba, bai kuma canza mini fuska ba. Har ya koya mini alamun sanduna, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da na roƙa ba. Yara na bin shi da Mai Ƙaho, yana amsa gaisuwarsu. Ya rasu da damina, shekara huɗu bayan auren.

Bayan sadakar arba'in na tafi ƙarƙashin kuka da safe, lokacin da kowa ya fito daga ruwa. Na kashe babur na sauka. Na ce Sarkin Ruwa, ina da magana, kuma ina so kowa ya ji. Aka matso, wasu tun ban fara ba suna murmushi. Na faɗa musu kamar yadda na faɗa muku yanzu. Da na zo wajen kwalin ƙanƙara aka fara ƙyalƙyatawa. Da na zo wajen sandar Tanko, Tanko ya riƙe ciki ya ce a taimake shi. Na ce ba wasa nake ba. Aka ƙara dariya. Na ce wallahi tallahi ni na sa kifin nan. Wani ya ce, ka ji, rantsuwar ma irin ta gidan ce.

Sarkin Ruwa ya share hawayen dariya da hannun riga, ya dafa kafaɗata.

"Allah ya yi maka albarka, Lawali. Ɗa na gari ke nan, yana so ya wanke ubansa ko da ƙarya ce. Amma bar shi haka nan. Malam ya tafi, Allah ya gafarta masa abin da ya yi."

Suka ce amin gaba ɗaya, suka koma kan kifinsu.

Sau uku na sake gwadawa a cikin shekarun nan. Yanzu har roƙona ake yi a majalisa, Lawali ba mu labarin kifin ƙanƙara. Ya zama ɗaya cikin labaraina masu daɗi. Mutumin da bai taɓa ƙarya ba an ƙi yarda da shi sau ɗaya saboda ni, ni kuma na faɗi gaskiya sau ɗaya an ƙi yarda da ni saboda ni. Shi ya sa na sayi kaye na zauna na rubuta, don takarda ba ta da muryata, ba ta kashe ido, ba wanda zai ce tana wasa. Ku ne kaɗai kuka rage da ban taɓa ba labarin nan kuna dariya ba. Kakanku cikin gurarsa ya same shi.